Leda Takwas da Almakashi

Malama Awo ake ce mata a makarantar, kuma ba zagi ba ne. Shekara goma sha tara tana kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ita ke wanke kwalabe, ita ke auna hoda kafin malami ya shigo, ita ke kulle kabad ta yi taku uku ta dawo ta sake jan kwaɗon. Ko gishirin miya ba ta zubawa da ka.

Mijinta Dogo tsohon mai raba wasiƙu ne. Ya yi ritaya daga gidan waya, amma ƙafafunsa suka ƙi yin ritaya, sai ya shiga ƙungiyar masu tseren keke na dogon zango. Bara, a wani tsere, a kilomita na casa'in, ƙarfinsa ya ƙare ƙaf. A gefen kwalta aka tsince shi, leɓe fari, bai san ko wace rana ce ba. Likita ya ce ba ciwo ba ne, yunwa ce: mai taka feda awa biyar dole ya riƙa sa wani abu mai zaƙi a ciki duk rabin awa. A gadon asibitin nan shi da Malama suka yi alkawari, in ya sake kasa ƙarasa tsere, za a rataye keken har abada.

'Yan ƙungiyar suna tsotsar wani abu mai kauri a ƙananan fakiti, jel suke ce masa. Dogo ya gwada sau uku, sau uku cikinsa na murɗawa.

"Kamar an zuba wa man goge baki sukari," in ji shi.

Sai Malama ta ɗauko sikelinta. Wata uku tana gwaji: zuma, jiƙaƙƙen dabino da ta tace, ruwan lemon tsami, gishiri kaɗan. Duk ranar atisaye takan tare shi a ƙofa da littafi. Cikin ya yi ƙugi? Ƙafa ta riƙe? Har ta dace da haɗin da ya zauna masa. A 'yar robar matsawa take zuba masa, amma ran nan murfin ya kwance a aljihun bayan rigarsa, ya dawo gida ƙudan zuma na rakiyarsa.

Wannan yoyon ne ya tsaya mata a rai. Ana gobe babban tsere na kilomita ɗari da talatin, ta tafi da haɗin makaranta, ta ɗura shi a leda mai kauri, irin wadda suke adana hoda a ciki. Ta liƙe bakin kowacce da na'ura. Ta duba, ta sake liƙewa.

Da sassafe Dogo ya zuba takwas a aljihu ya fita. Leda ta tara ta rage a kan tebur. Wajen ƙarfe takwas Malama ta ɗauka don ta ɗanɗana ko gishirin ya ji. Ta ja da yatsu, ledar ta ƙi. Ta sa haƙori, ta ciza, ta murɗa. Ko alamar tsaga babu. Nan take gumi ya keto mata. Ita da ke zaune da hannu biyu ke nan, ina ga mutumin da hannunsa ɗaya ke kan keke? Fakitin kanti ana yi masa 'yar tsaga a gefe. Ita ba ta yi ba. Dogo kuma ba ya tsere da waya.

Ta kira ƙanin mijinta, direban tasi.

"Matar Yaya, lafiya da safen nan? Ko sikelin ne ya ɓata?"

"Bar wasa, Auta. Zo ka kai ni wurin ba da ruwa na kilomita saba'in. Yanzu."

An rufe babban titi saboda tseren, sai da suka zagaya ta bayan ma'ajiyar katako. Tana rungume da jaka, almakashi a ciki, bakinta na motsi. Awa biyu, lokacin shan leda huɗu ya wuce shi ke nan. Awa biyu da rabi.

"Kin liƙe wa mutum abinci kamar guba," in ji Auta. "Ni da na ce ki ba shi ayaba kawai."

"Kalli hanya."

Ya ƙara wa motar wuta.

A wurin ba da ruwan tebur biyu ne a ƙarƙashin rumfa. Ayabar da aka tanada 'yan gaba sun cinye, sai ɓawo a kwali. Masu keke na wucewa rukuni-rukuni, tana leƙa kowace fuska. Duk motar da ta taho a hankali sai gabanta ya faɗi, ta zaci ta asibiti ce.

Can sai ga shi, shi kaɗai, keken na tangaɗi. Ya sauke ƙafa ɗaya da ƙyar. Leɓen nan ya fara fari irin na bara. Bai ma yi mamakin ganinta ba. Ya zaro leda ɗaya, duk shatin haƙori a jikinta.

"Malama, kin ci," ya ce a hankali. "Hannuna ya mutu. Mutumin da ya kasa ɓare leda, me zai yi da tsere? Auta, sa keken a but."

Ta tsaya. Shekara guda tana roƙon Allah ya kawo ranar da zai faɗi haka. In ta yi shiru, shi ke nan: ba sauran zaman jiran waya, ba sauran gadon asibiti. Auta ya kalle ta, hannunsa na kan sirdin keken.

"Hannunka lafiya lau," ta ce. "Ni na liƙe sau biyu. Ni ma na kasa buɗewa. Zauna."

Ta datse kusurwar biyu ta miƙa masa, da ruwa. Sauran shidan ta yi wa kowacce 'yar tsaga, ta gwada ɗaya da hannu guda a gabansa. Minti goma sha biyar ta auna da agogo kafin jini ya dawo masa fuska.

"Kin san in na hau, ba ratayewa?"

"Na sani. Duk rabin awa, ka ji? Da ruwa."

Ya hau. Suka bi ta zagaye zuwa wurin ƙarewa, ta tsaya jikin igiya awa uku ba ta zauna ba. Ana naɗe tutoci ya shigo, na uku daga ƙarshe, gemunsa duk zuma. Auta na ihu yana dukan bayansa. Ita kuwa ta sa hannu a aljihun rigarsa ta ƙirga ledojin. Babu ko ɗaya mai sauran abu a ciki. Sai a lokacin ta lura almakashin na hannunta tun ɗazu, har ya yi mata shati a tafi.