Ma'aikatan Aro

Yayata ta yi shekara goma sha wani abu tana ba da haƙuri a waya, har abokan aikinta suka laƙaba mata suna A-yi-haƙuri. Kamfaninsu manhaja yake sayarwa, irin wadda masu kantin magani ke sawa a kwamfuta don su san abin da ya shigo da abin da ya ƙare. Da can abin kirki ce, ban musa ba. Amma tun da injiniyoyin da suka rubuta ta suka fara zare jiki ɗaya bayan ɗaya, sai ta koma kamar tsohon keken ɗinkina, yau ta yi, gobe ta cije. Yaya kuwa tana zaune da abin sauraro a kunne, tana shan zagin da ba ita ta jawo ba.

Manajansu, wanda suke kira Sabon Tsari a bayan idonsa, bai taɓa gyara komai ba. In abu ya lalace sai ya kira taro ya sake wa sashen suna. Dokarsa ita ce kada kira ya daɗe: a lallashi mutum, a danna cewa an warware, a ɗauki na gaba. Allon da ke bangon ofis kullum kore shar, alamar wai an warware komai, masu kanti kuwa suna can suna duba kwalaye da hannu.

Ranar da wata mai kanti ta fashe mata da kuka, Yaya ta ce ya isa. Akwai kwamfutar wani injiniya da ya tafi ya bari, ƙura har ta rufe madannanta. Ta goge ta, ta mayar da teburin wurin cin abincin rana, cokali a hannu, ido a kan darasin gyaran manhaja. Ƙarshen mako tana zuwa aji, ta zauna cikin sa'annin ɗanta na fari, suna ce mata Mama. Mijinta ya koyi tufke wa autarsu gashi, ko da yake tufkar kullum a karkace take. Ta sha faɗuwa jarrabawa, ta sha cewa kanta ya tsufa, amma ba ta daina ba. A hankali ta fara gyara wa masu kira matsalarsu da kanta.

Kun san ladan da ta samu? Manaja ya kira ta ofis.

"Kiranki yana daɗewa," in ji shi. "Ke ba injiniya ba ce. Ki ba da haƙuri ki ajiye waya."

Ana cikin haka wani ƙaramin kamfani ya yi mata tayin aikin kula da bayanai, na gwaji, suka ce ta ba su amsa kafin ƙarshen wata. Sai ta tsaya ruwan ido. Ta zo shagona ta zauna a kan buhun ƙyalle tana murza zobenta.

"Masu kantunan nan sun san muryata," ta ce. "In na tafi wa zai saurare su? Kuma Manaja ya ce in baƙin nan suka sa hannu, zai duba maganar ƙara mini matsayi."

"Yaya, wurin nan ya mutu," na ce mata. "Warin ne kawai bai iso hancinki ba."

Ta harare ni, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Baƙin masu zuba jari ne, za su zo duba kamfanin, ga shi rabin kujeru babu kowa. Manaja ya ce kowane ma'aikaci ya zo da ɗan'uwa a cike gurbi. Wai ba yau suka fara ba. Na so in ƙi, amma ba zan iya kallon idonta in ce a'a ba.

Da safe aka jera mu kamar kaya a kanta: ni, da wani direba, da surukar mai shara, da wasu da ban sani ba. Aka rataya mana katin shaidar ma'aikatan da suka tafi. Nawa hoton wani mai gemu ne, aka ce in juya shi ya kalli ƙirjina. Aka fesa turare don a kashe warin tsohuwar darduma, aka ce mu yi ta danne-danne da fuskar aiki. Sannan aka zare wayoyin kira daga bango, kada baƙi su ji ihun masu kanti. Na hango Yaya da abin sauraro a kunne tana murmushi, tana magana da babu kowa. Kunya ta kama ni har wuya.

Da baƙin suka shigo, Manaja ya zagaya da su yana ta zuba. Ya tsaya a kaina, ya kalli tabarau ɗina, na ga dabara ta faɗo masa.

"Wannan ita ce babbar injiniyarmu," ya ce. "Duk gyaran da aka yi kwanan nan, aikinta ne."

Ni da ko kunna kwamfutar sai da direban nan ya nuna mini. Baƙin suka jinjina kai, ɗaya ma ya yi mini godiya. Suka isa teburin Yaya, wani ya tambayi aikinta.

"Mai amsa waya ce," in ji Manaja, ko tsayawa bai yi ba.

Yaya ta jira har suka fita, ta cire abin sauraron, ta naɗe igiyarsa a tsanake, ta mayar da wayarta jikin bango. Nan take ta hau ruri. Ta ɗauka, ta gyara wa mutumin abin da ya dame shi, ta gaya masa daga wata mai zuwa ba zai same ta ba. A bakin titi, muna jiran mota, ta kira ƙaramin kamfanin ta ce ta amince.

Yanzu tana can, ofis ɗaki biyu, ita ce mafi tsufa kuma mafi yawan tambaya. Takan dawo a gajiye, wani lokacin da ciwon kai, amma ta daina murza zobe.

Bayan tafiyarta na yi zaton Manaja zai neme ta, ko don manhajar da ta koma gidan jiya. Bai kira ta ba ko sau ɗaya. Ni ya kira, ina tsakiyar yanka yadi.

"Injiniya, baƙinmu za su dawo, kuma sun tambaye ki," ya ce yana dariya. "Ki taimaka ki zo. Ki taho mana da wadda za ta zauna a kujerar yayarki."

Na tambaye shi wace iri yake so, don in ji iyakar rashin kunyarsa.

"Ko wacce ma," ya ce. "Ta dai iya murmushi."