Amin Ɗin Da Na Amsa A Kaina

Jama'a, yau da bakina na ce amin ga Allah ya isan da aka ja mini.

Kun san gwanjon motocin nan na intanet? Akwai manhajar da ke saka maka tayi ana saura sakan biyu a rufe, don kada wani ya samu damar ƙarawa. Na saita ta a kan wata jar mota. Shekaranjiya ogana, Alhaji Bala, ya ce ita yake nema, don a riƙa kai mahaifiyarsa asibiti daga Kurudu. Na ce masa na janye. Wallahi na manta ban kashe manhajar ba.

Ɗazu mun fito daga sallar azahar, ya duba wayarsa, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Wani marar imani ya fizge motar nan a sakan na ƙarshe. Allah ya isa!"

Na ce, "Amin, oga." Har na ƙara da cewa mugu ne.

Sai wayata ta yi ƙara. Tana hannunsa, shi ya riƙe mini ina ɗaura takalmi. Ga hoton jar mota, ga saƙon taya murna.

Ya miƙo mini a hankali, ya ce, "Malam Nura, Allah ya sa alheri."

Wannan amin ɗin kam ya ƙi fitowa.