Madubin Kawu Danlami

Ku da kuka zauna Nasarawa Gwom kun san ba a raba Kawu Danlami tela da madubin babur ɗin nan na aljihunsa. Babur kuwa bai taɓa mallaka ba, ko hawansa ba ya yi. Madubin na duba tafin ƙafa ne. Duk inda aka zauna, ƙofar masallaci ne ko wajen ɗaurin aure, sai ya tuɓe safa, ya ɗaga ƙafa, ya kara madubi ya yi ta leƙe kamar mai neman allura. Mu 'ya'yan yayansa kunya kamar ta kashe mu. Na taɓa ce masa mutane fa na kallo, ya ce su kalla mana, ai su ma suna da ƙafa.

Abin yana da dalili. Babanmu ciwon suga gare shi. Ƙusa ya taka bai ji ba, ta zama gyambo, har aka yanke ƙafar daga gwiwa. Kawu aka danƙa wa ita naɗe cikin farin ƙyalle, ya kai maƙabarta ya binne kamar yadda ake yi, Baba kuma ya ƙara shekaru kafin ya bi ta. To ranar da likita ya gaya wa Kawu shi ma sugan ya kama shi, sai ya gyara hula ya ce, "Likita, ni ba za a kai ni maƙabarta kashi-kashi ba. Gaba ɗaya na zo, gaba ɗaya zan koma."

Mun ɗauka cika baki ne, don duk unguwar nan babu mai kwaɗayin zaƙi kamarsa. Ashe da gaske yake. Teburin mai shayi dai bai fasa zuwa ba, sai dai a ba shi ruwan bunu babu suga, ya kuma tsare mai shayi sai ya sa cokali ya juya. Ran farko mai shayi ya ce, "Kawu, me zan juya? Ai babu komai a ciki."

"Juya, malam," in ji Kawu. "Harshe likita ya hana. Kunne me ya yi?"

Haka ake kaɗa masa cokali ƙwal-ƙwal, yana lumshe ido.

A gida kuwa Inna Ladi, matarsa, ta ga ta kanta. Shinkafa ta yi ƙaura, acca ta hau gado: yau tuwon acca, gobe gwate cike da alayyafo da kabeji. Kuma tuwo ba ya wuce dunƙulen hannunsa. Sai ya dunƙule hannu ya ajiye kusa da malmala ya gwada, in ta fi shi girma ya gutsure ya tura mana. A wata walima ya yi haka gaban mai gida, bawan Allah ya ja da baya, ya zaci dambe ake nema.

Masa kuwa guda ɗaya tak yake ci, ita ma sai ranar Sallah. Ya ɗauke ta, ya yi mata barka da zuwa, ya tambaye ta mutanen gida, sannan ya ci a hankali. Yana gamawa ya zura takalmi, ya ce zai raka baƙuwa. Rakiyar ba ta tsayawa sai Tina Junction, a ƙafa. Masu keke har sun gaji da tsaya masa. Wani ya ce ya hau kyauta, Kawu ya ce kyautar nan ce ta kai yayansa ga sanda.

Wanda ya fi shan wuyarsa shi ne Oga Emeka, mai shagon kayan masarufi da ke jikin nasa. Kawu ya koyi karanta bayan kwali da gwangwani don sanin sugan da ke ciki. Sai ya maƙala tabarau ya bi kantar Oga Emeka yana karantawa da ƙarfi, masu saye na ji suna mayar da lemo.

"Alhaji, wannan shago ne, ba makaranta ba," in ji Oga Emeka. "Ka saya ko ka tafi, abeg!"

Ba a jima ba aka auna Oga Emeka, shi ma suga. Kawu bai yi masa dariya ba, abin da ya ba mu mamaki. Bakin masu gyaran babur ya je, ya samo wani madubin babur ya kai masa. Daga nan kullum da safe, ko sanyin Jos na yanka kunne, za ka gan su suna taka titi, ɗaya da carbi, ɗaya da hular sanyi, suna musu a kan ko ayaba abinci ce ko alewa.

Kawu ya tsufa yana taka keken ɗinkinsa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, da na zo kan ƙafafun sai na tsaya. Ga su nan sumul, ko kaushi babu, yatsu cif. Na tuna ƙyallen da ya ɗauka zuwa maƙabarta, dariya da kuka suka taso mini lokaci guda.

Da muka fito, Oga Emeka na tsaye a ƙofar gida, hula a hannu. Ya jawo ni gefe.

"Ƙafa duka yana nan?"

Na ce duka, Oga. Ya gyaɗa kai, ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa.

Allah Ya jiƙan Kawu Danlami, Ya yafe masa. Ya riƙe amanar ƙafafun nan, ya mayar da su cif. Allah Ya tsallakar da su Siraɗi, Ya sa a can a zuba masa sugan da ya haƙura da shi, a kuma juya masa da cokali.