Kunya Biyu a Gabas da Tamawa

Gabas da Tamawa, a hanyar da ke fita zuwa Kurfi, akwai wata siririyar ƙasa mai faɗin kunya biyu tsakanin gonaki biyu. Gamba ta yi mata layi dama da hagu. Ba a shuka ta, ba a nome ta. Wanda ya bar ta haka sunansa Labaran, kuma ya rasu a shekarar 1967.

Labaran manomi ne, da rani kuma yasar rijiya yake yi. Gajere ne mai faɗin ƙirji. Daga Tamawa har Kutawa, duk rijiyar da ta ƙafe ko akuya ta faɗa ciki, shi ake aika wa. Yakan ɗaura igiya a ƙugu ya sauka yana waƙa, in ya tarar da maciji ya jefo shi sama don ya ji masu riƙe igiya suna salati. Ba wanda ya taɓa jin an ce ga abin da yake tsoro.

Da damina ta 1950, maƙwabcinsa na gona, Sodangi, ya kwanta da kurkunu a ƙafa biyu. Lokacin shuka ya zo, gonarsa ba kowa. Labaran ya tone saiwoyin gambar da ke kan iyaka, ya matsar da su kunya biyu cikin gonar Sodangi, ya dasa. Ruwa ya sauka, gamba ta kama, ta yi kamar tun asali a nan take. Da Sodangi ya warke ya zo yana ɗingishi, ya kewaya gonarsa, ya koma gida.

Bayan shekara uku Sodangi ya yi niyyar tafiya Makka a ƙasa, ta Sudan, kamar yadda talakawa ke yi a lokacin. Ya bi gida gida yana sallama.

"Labaran, in na yi maka wani abu, ka yafe mani."

"Na yafe. Ni ma ka yafe mani."

"Kai kuma mi ka yi mani, ban da jefo mani maciji? Na yafe, duniya da lahira."

Daga baya Labaran ya ce maganar iyakar ta zo masa har baki, ya haɗiye ta. Sodangi ya bar gonarsa a hannun ƙanensa Ɗan'auta, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

A 1957 wata tsohuwar rijiya a Kutawa ta rufta da Labaran yana ciki. Ƙasa ta binne shi har wuya. Tun hantsi har la'asar yana tsaye a cikinta, ba ya iya motsa yatsa, numfashi sai kaɗan kaɗan. An ciro shi ba karaya ko ɗaya, mutane na ta yi masa barka. Da azumin shekarar, limamin gari, Malam Rabe, ya faɗa a wurin wa'azi cewa wanda ya ci ƙasar wani, ko taki ɗaya ne, za a rataya masa ita a wuya ranar ƙiyama, tun daga samanta har ƙasa ta bakwai. Sauran mutane sun ji, sun ce Allah ya kiyaye, sun tafi shan ruwa. Labaran kuwa ya riga ya san nauyin ƙasa a wuya, kuma wadda ta danne shi ba ta fi cikin kwando ashirin ba.

Ya sami Malam Rabe a zaure ya faɗa masa komai.

"Ka mayar da ƙasar," in ji malamin, "ka kuma nemi mai ita ya yafe maka. Haƙƙin mutum, mutum ke yafe shi."

"Allah gafarta Malam, ai ya yafe. Da bakinshi ya ce duniya da lahira."

"Ya san abin da yake yafewa?"

Labaran ya ce bai faɗa masa ba.

"To, malamai sun rabu a nan. Wasu sun ce yafiya a dunƙule ta isa. Wasu sun ce sai ka ambaci laifin."

"A can da wanne za a yi aiki?"

"Allah ne masani, Labaran."

Da ruwan farko ya sauka, Labaran ya dasa sabon layin gamba a iyaka ta asali, ya kira Ɗan'auta ya nuna masa. Ya ɗauka za a yi faɗa, ko a kai shi gaban mai gari, kuma ya shirya wa hakan. Ɗan'auta ya dubi layin nan, ya dubi wancan, ya girgiza kai.

"Ni dai ranar da yayana zai tafi, ya kama hannuna ya biyo da ni ta wancan layin, ya ce nan gonarshi ta tsaya. Ba ni ƙara ko taki."

"Ni na matsar da ita, Ɗan'auta! Da hannuna!"

"Kai ka ce. In kuma rijiyar nan ta taɓa maka kai fa? Wa'azin da ka ji, ni ma ina wurin. So kake ka sauke daga wuyanka ka ɗora a nawa?"

Haka ƙasar ta zauna tsakanin layi biyu, kowa na tsoronta.

Na san Labaran a 1961, bayan na dawo daga karatu a Sudan. Kwana biyu da saukata Dutsin-Ma ya zo a ƙasa, ya tsuguna a ƙofar zaurenmu.

"Malam, an ce daga gabas kake. Ka ga wani dogo, baƙi, mai tabon kurkunu a ƙafa biyu? Sodangi sunanshi."

Na gaya masa gaskiya: mutanenmu a can ba su ƙirguwa, suna cikin gonakin auduga, wasu sun yi shekara talatin suna tara guzuri, da yawa sun canja suna, masu tabon kurkunu kuma sun fi marasa shi. Ya roƙe ni in rubuta wasiƙa. Na rubuta wa wani abokina, muka jira wata goma sha ɗaya. Amsa ta zo cewa ya tambaya a unguwannin Hausawa huɗu, ba wanda ya san shi.

Na yi ƙoƙarin kwantar masa da hankali. Na ce tun da Sodangi da kansa ya nuna wa ƙanensa iyakar da aka matsar, alama ce ya gane, ya bar masa.

"Ko kuwa bai lura ba," in ji Labaran. "Ba ka san Sodangi ba. Mutumin da ya taɓa koro jakin wani har gida, ya ɗaure, ya ba shi ƙaiƙayi, a zatonshi nashi ne?" Ya yi dariya, dariyar ta tsaya a tsakiya. "In ya gane, na tsira. In bai gane ba, na halaka. Shi kaɗai ya sani."

Ya daina shiga rijiya. Ya daina sa riga mai matse wuya. In an yi mutuwa yakan yi salla tare da jama'a, amma ba ya isa bakin kabari. Duk alhajin da ya sauka a ƙasar Kurfi ko Dutsin-Ma, kafin a gama yi masa sannu da zuwa Labaran na tsugune yana kwatanta tabon kurkunu. Har matan kasuwa suka riƙa yi masa tsiya: "Baba, Sodangi na gaishe ka!" Duk lokacin da aka faɗa, sai ya waiga.

Ciwon ajali ya kama shi da bazara, tari da kumburin ƙafa. Ranar ƙarshe ina wurin, da Malam Rabe. Ɗan'auta ya shigo, shi ma ya tsufa, ya durƙusa kusa da tabarmar.

"Labaran, na karɓi kunyoyin. Bana zan shuka su."

Labaran ya buɗe ido ya daɗe yana dubansa.

"Rantse."

Ɗan'auta ya sunkuyar da kai, bai rantse ba.

Malam Rabe ya matso ya laƙƙana masa kalmar shahada. Labaran ya faɗe ta sarai, sau biyu. Sannan ya kai hannu wuya, ya tambaya ko akwai alhazan da suka rage a hanya. Aka ce duk na bana sun iso. Ya cika kafin la'asar, hannunsa na nan a wuyan.

Da aka zo rabon gado, 'ya'yansa sun ce kunyoyin ba na ubansu ba ne. Ɗan'auta ya ce ba na yayansa ba ne. Aka raba sauran gonar, aka bar su.