Kujerar Direba Sabuwa Ce

A garin Gadarif, in mutum ya ce zai sayi mota ta hannu, abin da za a fara tambayarsa shi ne, "Usta Harisu ya gani?" In ya ce a'a, sai a yi masa fatan alheri kawai, don damina na tafe, kuma baƙin taɓon ƙasar nan ba ruwansa da rantsuwar dillali.

Harisu jikan mahajjata ne. Kakansa ya taso daga yamma da niyyar Makka, ya tsaya noman dawa don ya tara guzuri, guzurin bai taru ba sai 'ya'ya. Harisu bai gaji fartanya ba. Tun yana saurayi ya shige ƙarƙashin tarakta a gonakin Fashaga, kafin ya fito gemu ya fara furfura, ana kiransa Usta, wato gwanin gyara. Daga baya ya bar gyara ya koma duba mota zalla, a wata rumfar kwano bayan kasuwar riɗi. Dillalai ba sa ƙaunarsa, shi ma bai taɓa kwana da damuwar hakan ba.

Ɗansa ɗaya ne, Munir, shi ya sa matarsa Batulu take kiransa Abu Munir. Shan-inna ya taɓa yaron a ƙafar hagu ta ɗan gajarce, amma ya kafe shi sai tuƙi. Da ya sami aiki wurin wani attajiri mazaunin birnin Madani, Harisu ne ya duba motar da zai ja, irin dogayen nan masu shiga daji da taɓo. Ƙafar Munir ba ta danne kuloc har ƙasa, sai uban ya yanki guntun tsohuwar taɓaryar Batulu da ta tsage, ya ɗaure a kan matakin da noti biyu. Batulu ta yi ta mita, wai a gidan nan ko itacen girki ba a bar wa mace.

Da yaƙi ya shiga Madani, attajirin ya riga ya fice da iyalinsa, ya bar wa Munir motar ya taho da ita Gadarif. Munir bai iso ba. Wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ta mutu. Harisu ya bi makarantun da aka cika da 'yan gudun hijira, ya je har Showak yana tambayar direbobi. Babu wanda ya ce ya ga gawa, babu wanda ya ce ya gan shi da rai. Batulu ta ƙi yarda a yi zaman makoki. Kullum in ta yi kisra, wato siririyar wainar dawa, sai ta ware ta Munir a kwanonsa ta rufe, da safe ta kai wa matan da ke zaune a makarantar bayan gida. Shi kuwa Harisu bai yi kuka ba, bai kuma sa rai ba. Wani abu ne ya daskare masa a ƙirji. Yana ci, yana salla, yana aiki, amma ko shayi ba ya jin zaƙinsa.

Damina biyu ta wuce a haka. Wata rana da hantsi wani manomin riɗi daga Ƙala'at an-Nahal, Siddiq, ya zo rumfar tare da dillali Abdelaziz da wata farar mota tana sheƙin sabon fenti.

"Ya Usta, arabiyya ce, mota kamar amarya," in ji Abdelaziz. "Mai ita likita ne, daga gida sai asibiti."

"Duk motocinka na likitoci ne," in ji Harisu. "Kashe ta, ka koma inuwa."

Harisu ba ya fara duba mota daga inji, wannan aikin masu gaggawa ne. Durƙusawa ya yi ya zura hannu bayan taya, ya ɓanɓaro busasshiyar ƙasa ya murje. Jan yashi ne a sama, baƙin taɓo a ƙasa, wato likitan nan ya sha yawo. Ya murza baƙin mai tsakanin yatsu, ya leƙa ruwan lagireto, ya sa Siddiq ya tayar ya saurari ƙarar, ya duba hayaƙin salansa. Duk lafiya. Sannan ya ɗauko maganaɗisunsa naɗe a tsumma ya bi jikin motar da shi, don inda aka cike rami aka rufe da fenti ba ya kamawa. Wuri biyu ya saki, duka a ginshiƙin ƙofar direba, daidai kafaɗar wanda ke zaune.

Ya buɗe ƙofar. Ba tata ba ce, ga sabon tabon sifana a jikin notunan. Kujerar direba sabuwa ce, sauran duk tsofaffi. An yanke shimfiɗar ƙasa ta wannan ɓangaren kaɗai, ƙarfen da ke ƙarƙashi ya yi tsatsa saboda yawan wanki. Tun da aka fara yaƙin nan ya ga irinsu da dama, har sun daina ɗaga masa hankali.

Abu na ƙarshe da yake dubawa kullum shi ne matakan ƙafa, don dillali na iya mayar da mita baya amma ba ya tunawa da inda takalmi ya cinye. Ya sunkuya ya sa kai ƙarƙashin sitiyari. Guntun taɓaryar na nan a kan kuloc. Gefen hagu ya siɗe ya yi santsi, inda ƙafar Munir ke zamewa.

Ya daɗe a sunkuye yana jiran wani abu ya motsa a cikinsa, bai motsa ba. Abin da ya zo masa a rai shi ne noti ɗaya ya saki, ya kamata a ɗaure. Ya miƙa hannu ya ɗauki sifana, ya kwance duka biyun, ya sa itacen a aljihu.

"Daga ina ka samo ta?" ya tambayi Abdelaziz.

"Hannu ya ba hannu, ya Usta. Wallahi ban san na farkon ba."

Harisu ya dube shi ya ga wannan karon gaskiya ya faɗa, sai ya ƙyale shi.

"Ammu Harisu, yaya?" in ji Siddiq, yana kiransa baffa don girmamawa. "In saya?"

"Inji tamam, giya ma lafiya lau, za ta kai ka gona ta dawo da kai. Amma ba sayar da ita aka yi ba tun farko. An harbi direban yana zaune, ta nan da nan." Ya nuna da yatsa. "Wanda aka samu a wurin nan ba ya fita da ƙafarsa."

Siddiq ya ja da baya ya kakkaɓe hannu. "La haula. Halas, shi ke nan, na fasa. Allah ya jiƙansa, ko wane ne."

"Amin," in ji Harisu.

Harisu bai tashi daga aiki da wuri ba. Ya duba wata motar bayan azahar, ya ce wa mai saye tayoyin baya sun tsufa. Da la'asar ya rufe akwatin kayansa ya tafi gida a ƙafa.

Batulu na zaune gaban kasko tana shafa kisra, kwanon Munir a gefenta. Harisu ya ajiye itacen a kan tabarma kusa da ita. Ta ɗauka ta juya shi, ta bi tsagar da ɗan yatsa. Taɓaryarta ce tun ta aure, ba sai an faɗa mata ba.

"Abu Munir, ina shi?"

"Motar aka kawo. An canza kujerar direba."

Matar da ta tsufa a gidan mai duba mota ba ta bukatar ƙarin bayani. Ba ta yi ihu ba. Kisrar da ke kan kasko ta ƙone, ta kankare ta zuba wata, har ta gama ƙullun.

"Ka faɗa wa liman," in ji ta. "Gobe a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida."

Sannan ta ɗauki kwanon Munir, ko da yake ba a zuba komai a ciki ba, ta wanke shi ta kife cikin sauran kwanuka.