Buhun Baba Zira, daga Jimeta zuwa Mubi

Abin da ya faru a kan hanya ni na gani. Tarzomar kasuwar Mubi kuwa ban ganta ba, a bakin mutum guda na ji. Shekarar fari ce, bayan naira ta canji fam, amma ranar ta shige mini duhu, ba zan ƙaga ta ba.

Jimeta

Mun tashi kafin asuba a babbar mota mai bodin katako. Direba ya dubi wandona da takalmina ya ce, "Malam, gidan gaba." Ashe amfanin digirin ke nan. Sauran bayin Allah aka ɗora su a kan buhunan dawar wani attajiri, don su san tana nan lafiya.

Gombi

Da hantsi muka tsaya cin tuwo. Wani dattijo, Baba Zira, mutumin Michika mai noma a gefen Mubi, ya sha ruwa ya ce ya ƙoshi. Na matso masa da kwanona. Daga gidan yarin Yola yake, wajen ɗansa Tizhe da aka kama a tarzomar.

Na ce, "Baba, an ce 'yan zauna-gari-banza ne suka tayar da fitinar."

"Haka ne, ɗana. Mun zauna, tunda ruwa bai zo ba."

Da kaka, in ji shi, sun sayar wa wani attajiri dawa da arha don biyan haraji. Da yunwa ta matsa, Tizhe ya je awo, sai ga buhun gidansu a rumfar attajirin, da facin jan zaren da uwarsa ke yi wa kowane buhu. Kuɗinsa ya ninka. Tizhe ya saɓa shi a kafaɗa, aka riƙe shi, sauran manoma kuma kowa ya shiga neman facin matarsa. Rumfa ta watse.

"Yanzu hukuma ta ce in kawo buhu cike, ta sake shi."

"Da me za ka cika?"

"Iri ne kawai a rumbu. In na ba su, me zai shuka in ya fito?"

Mararraba

A shinge 'yan sanda suka sauke mutanen baya, suka lalube su ɗaya bayan ɗaya. Buhunan, da yake masu mutunci ne, ba a taɓa su ba. Ni har gaisuwa na samu.

Mubi

Da la'asar Baba Zira ya sauka kafin gari, ya bi bakin mayo, wato rafi, da ƙafa. Na isa gida Nassarawo lafiya. Na gode wa Allah, da direban da ya karrama takalmina.

Na yi cigiyar labarin tarzomar a kasuwa, kowa ya ce ranar ba ya nan. Ruwan farko ya sauka bayan zuwana. Har yau ban sani ba: irin Baba Zira gona ya shiga, ko buhu?