Fensirin Inna Mai Kati

Shekara ashirin da shida ke nan Inna Mai Kati tana zaune bayan taga ɗaya a ƙaramin asibitin unguwa, tana nemo wa marasa lafiya katinsu. Gwiwa ta gaji, ido ya gaji, kujerar ma ta gaji da ita. Amma kati bai taɓa ɓata a hannunta ba. Da yake mutum goma kan zo da suna iri ɗaya, sai ta ɓullo da dabara: a kusurwar kowane kati takan sa alama da fensir. "Mai walda, dogon nan." "Kakar 'yan biyu." "Matar tela, gidan jikin famfo."

Matar telan nan shekara uku tana zuwa karɓar maganin ƙanjamau duk ɗaya ga wata, unguwa na zaton hawan jini ne. Ta taɓa riƙe hannun Inna ta taga ta ce, "Yaya, rufin asirina yana hannunki."

Wata Talata masu bincike suka zo da takardar izini, suna son hoton katunan masu wannan ciwon.

"Likita, mutanen nan fa ba a tambaye su ba," in ji Inna.

"Don amfaninsu ne, Inna. Kuma ai za a rufe sunayen."

Inna da kanta ta rufe su da farar takarda da gam, suna da lambar waya, har bayanta ya ƙage. Fensirin kuwa ta daɗe da daina ganinsa, kamar yadda mutum ba ya ganin ƙofar ɗakinsa.

Bayan wata huɗu aka aiko da sakamakon binciken ƙanjamau a babbar takarda mai launi, aka manna a ɗakin jira. A tsakiyarta hoton kati ɗaya ne don misali, suna a rufe tsaf. Kwana biyu tana bango Inna ba ta duba ba, sai da ta ji mai shara yana haɗa baƙi da ƙarfi, benci cike da jama'a: "Ma-tar te-la, gi-dan..."

Ta fito ta yage takardar. Likita ya ce kuskure ne, za a rubuta wa masu binciken wasiƙa. Wasiƙa! Sai ka ce wasiƙa na bin gidaje tana karɓo magana daga bakin mutane.

Yanzu kullum Inna na zuwa da abin goge fensir, tana bin katunan ɗaya bayan ɗaya. Ta fara rikita masu suna ɗaya, suna yi mata tsawa. Kunya da baƙin ciki sun cinye ta.

Katin matar tela ta ware shi a gefen taga. Duk wanda inuwarsa ta faɗo sai ta ɗaga kai. Ɗaya ga wata ta zagayo sau uku, matar ba ta zo ba, katin yana nan inda ta ajiye shi.